Saƙon da Likitar Ido Ta Ba Ni Zuwa Gidanmu

Edita, ina roƙon fili a shafin masu karatu, amma a sakaya sunana, domin waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu, kuma ba su ne suka ce in rubuta ba.

Lokacin da abin ya fara ina da shekara ashirin da tara, ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare a Kafanchan. Asalinmu mutanen Kwoi ne, amma a Kafanchan aka haife ni, saboda mahaifinmu ma'aikacin reluwe ne. Sai da ya yi ritaya ya kwashe iyali ya koma gida noman citta, ni kuwa karatu da aiki suka riƙe ni a gari. Mu biyu ne a wurin iyayenmu, ni da yayana namiji wanda ya girme ni da shekara takwas. Ba ni da wata babbar damuwa a rayuwa in ban da tabarau. Tun ina aji huɗu na firamare aka gane ba na ganin nesa, ranar da malamarmu ta lura ina kwafar rubutu daga littafin yarinyar da ke kusa da ni maimakon allo. Daga nan duk bayan shekara biyu ko uku sai an sauya mini gilashi, kowane ya fi na baya kauri, har ya koma kamar gindin kwalba. Idan na cire shi, dutsen Kagoro da kowa ke hange daga cikin gari ni sai dai in ga wani duhu kamar hadari ya taso. Da damina in na hau okada, yayyafi kaɗan ya isa ya rufe mini hanya. A coci ina cikin ƙungiyar mawaƙa, zufa ta sa gilashin ya riƙa zamewa kan hancina, ina waƙa ina tura shi da yatsa. Ɗalibai suna kirana Malama Ido Huɗu a bayan idona, na sani, ina yin kamar ban sani ba.

Ina da wata ƙawa tun ƙuruciya, 'yar ƙabilar Ibo. Kakanta ne ya zo Kafanchan aikin jirgi, babanta yana da shagon kayan gini a kasuwa, kuma Hausarta ta fi tawa. Tare muka tashi a kwatas ɗin reluwe, tare muke sa tabarau, har ana ce mana tagwaye. Ta samu aiki a Abuja, muka rage haɗuwa. Wata Kirsimeti ta zo gida, na same ta a shagon babanta, na ɗan tsaya kafin in gane ta, don fuskarta fayau take babu gilashi. Ta ce aikin leza aka yi mata. Ta yi mini bayani cewa wani haske ne ake gyara saman ido da shi, ba a kwantar da mutum, ba a sa shi barci, kafin ka gama jin tsoro an gama, washegari ta buɗe ido ta ga agogon bango daga kan gado. Don ta tabbatar mini, ta karanta rubutun wani allo da ke tsallaken titi, wanda ni da gilashina ma sai da na kanne ido. Na yi mata murna da baki, amma na koma ɗakina ranar da wani abu a ƙirji mai kama da kishi.

A wannan lokacin an riga an yi mini baiko da wani ɗan Manchok, ma'aikacin ƙaramar hukuma, kuma an sa bikinmu bayan Ista. Shi bai taɓa cewa komai game da gilashina ba. Yayarsa ce dai, ranar da aka kai ni gaishe da iyayensa, ta tambaye ni cikin raha ko a gidanmu haka idon kowa yake, ko ni kaɗai ce, don kada a cika musu gida da 'yan tabarau. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ta zauna mini. Na ƙudura cewa ranar aurena da idona zan shiga coci. Na yi ta tanadi ba tare da na faɗa wa kowa ba, ƙawata ta nemo mini rana a asibitin da aka yi mata. Mahaifiyata da yayana da wanda zan aura, duk na ce musu bitar malamai za a yi mana a Abuja ta kwana biyu. Dalilina shi ne in dawo in ba su mamaki, kuma na san Mama za ta hana in ta ji za a taɓa mini ido.

Na ɗauka zuwa zan yi a kwantar da ni a haska mini ido in tashi. Ashe sai an yi gwaje-gwaje tukuna, a ga ko idon ya dace da aikin. Aka sa ni karanta haruffa, aka auna kaurin saman idon, aka kai ni gaban wata na'ura mai hura iska cikin ido. Ma'aikaciyar da ke kan na'urar ta duba lambar da ta fito, ta sake yi, ta sake, sannan ta tashi ta shiga ofishin likita. Bayan haka aka ƙara mini gwajin da ƙawata ba ta ambata ba: na ɗora haɓa a kan wani ƙarfe ina kallon cikin wani abu kamar ƙwarya, an ba ni maɓalli in danna duk lokacin da na ga ɗigon haske. Aka kuma ɗiga mini magani mai buɗe ƙwayar ido, likita ta leƙa can ciki da fitila. Sai wajen la'asar ta kira ni.

Likitar mace ce mai ɗan manyanta. Da ta ga inda na fito a katina sai ta riƙa haɗa mini Turanci da Hausa. Ta ce ba za ta yi mini leza ba, a ƙalla ba yanzu ba, kuma ba wannan ne abin da ya kamata ya dame ni ba. Ta ce leza saman ido kawai take gyarawa, ni kuwa akwai wata matsala a can baya, a jijiyar da ke kai gani zuwa ƙwaƙwalwa. Ruwan da ke cikin idona ba ya fita yadda ya kamata, yana taruwa yana danne jijiyar, kuma ya riga ya fara taɓa ta hagu. Ta ce shi ne ake kira hawan jinin ido, wato gilakoma. Ba ya ciwo, ba ya sa ido ja, daga gefe yake fara cin gani, shi ya sa mutum ba ya ankara sai ya yi nisa, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Amma ta ce na yi sa'a, an kama shi da wuri, idan na riƙe maganin ɗigawa kullum ina zuwa awo, zan iya tsufa da idona. Sannan ta tambaye ni ko akwai wanda ya taɓa makancewa a gidanmu. Na ce mahaifina ya rasa gani kafin ya rasu, amma tsufa ne. Ta tambayi shekarunsa a lokacin, na faɗa, ta ce wannan ba tsufa ba ne. Ta tambaya ko yakan yi karo da gefen ƙofa, ko mutum ya tsaya kusa da shi bai san da shi ba sai ya yi magana. Na ce haka ne. Ta ajiye alƙalami ta ce ciwon yana bin jini, duk wanda muke uba ɗaya da shi, da 'yan uwan Baba ma, su je a auna musu ido ba tare da jira ba. Ta rubuta hakan a takarda, ta sa hannu, ta ce wannan ba tawa ba ce ni kaɗai, in kai gida.

Ya kamata in faɗi yadda maganar idon Baba take a gidanmu. Bayan ya koma Kwoi, rigimar gona ta shiga tsakaninsa da ƙanensa, wanda muke kira Baba ƙarami. Gonar gado ce, shi Baba ƙarami ya daɗe yana noma ta duk shekarun da Baba ke aikin jirgi, bai so a raba ba. An yi zaman dattawa, an yi musayar magana mai zafi, har an ce Baba ƙarami ya ce wa yayansa zai gani. Ba a yi shekara biyu ba idon Baba ya fara dushewa. Mama mace ce mai zuwa zumuntar mata ta coci, ba ta rasa sujada, amma babu wanda ya isa ya cire mata cewa jifa aka yi wa mijinta. An yi addu'a, an yi azumi, an sa masa tozali da ruwan ganye iri-iri, asibiti kuwa sai da ido ya riga ya rufe, suka ce babu abin yi. Har Baba ya rasu gidajen biyu ba sa gaisawa, ko da yake katanga ɗaya ce tsakaninsu. Duk wannan ya dawo mini a kujerar likitar nan, na kuma gane nan take cewa gaskiya take faɗa.

Washegari na kamo hanyar gida. Motar ta biyo ta Kagarko, kuma dole ta ratsa Kwoi kafin Kafanchan. A tashar Kwoi direba ya tsaya sauke fasinja, sai ga yayana a gefen hanya yana ɗaure buhunan citta a bayan babur ɗinsa. Ya hango ni ta taga, ya zo yana dariya, ya tambaye ni yaya bita, ko an koya mana sabon lissafi. Ya sayi lemu a wurin wata mai talla ya miƙo mini, ya ce in sauka mana in gaida Mama in kwana. Takardar tana cikin jakar da ke kan cinyata, hannuna a kanta. Na ce masa ina da aji da safe. Mota ta tashi, ya ɗaga mini hannu ya koma kan buhunansa. Daga Kwoi zuwa Kafanchan na gama shirya wa kaina dalilai. Idan na faɗa, ƙaryar bita ta tonu. Idan na faɗa, Mama za ta ce na goyi bayan wanda ya kashe mata miji. Babban dalilin kuwa, wanda ban yarda na kalle shi sosai ba, shi ne saura wata uku bikina, kuma na san yadda zancen makanta ta gado zai isa Manchok kafin ni. Na ce bari a yi biki tukuna, wata uku ba komai ba ne. Yayana ma ko tabarau ba ya sawa, yana hango mutum tun daga bakin gona.

Na sayi maganin kwalba ɗaya. Yana ɗan yi mini zafi, yana sa idona ja, malamai a ofis suna tambaya ko kuka na yi. Da ya ƙare ban sake saye ba, tunda ba abin da ke mini ciwo. Ƙawata na ce mata an ce saman idona bai kai kauri ba. Aka yi biki, na shiga coci da gilashina, babu wanda ya damu. Bayan biki na ce sai na zauna da kyau a gidan miji, bayan haka ciki ya zo, na ce sai na haihu. A shekara ta biyu har na sake gwada sa'ata a wani asibiti a Kaduna, ban ambaci na farko ba, da tunanin ƙila waccan likitar ta yi kuskure, ko waɗannan ba za su lura ba su yi mini aikin. Suna hura mini iskar nan suka ga abin da ta gani. Aka ce in jira likita, na ce zan shiga bayi, na fita ta ƙofar gaba na tari keke zuwa tasha. Sau biyu ke nan aka faɗa mini. Takardar farko tana cikin akwatina, a ƙasan zannuwan aure.

Ba zan ce ban ga alama a jikin yayana ba. Wata sabuwar shekara muna cin abinci a tsakar gida, ya kai hannu ya ture kofin da ke hagunsa, matarsa ta ce wannan na uku ke nan a satin. Wani dattijo ya miƙo masa hannu daga gefe a bakin coci, ya wuce bai gani ba, sai da aka taɓa shi ya dawo yana ba da haƙuri. Na lura in zai tsallaka titi yakan juya kansa gaba ɗaya, kamar yadda Baba yake yi. Matarsa tana tsokanarsa cewa hankalinsa na kan farashin citta. Ni da na san sunan abin, na zauna cikinsu ina dariya. A lokacin kuma wani sabon dalili ya ƙaru: idan na faɗa yanzu, za a tambaye ni tun yaushe na sani. Kowace shekara da ta wuce sai amsar wannan tambaya ta ƙara nauyi, ni kuma in ƙara yin shiru.

A shekara ta huɗu, wata ranar kasuwa da hantsi, ya ɗauko matarsa a babur za su kasuwa. A wata mahaɗar hanya wata a-kori-kura ta fito daga hagu. Waɗanda ke wurin sun ce motar ba gudu take ba, fili ne babu abin da ya tare, direban har ya yi hon, amma yayana ya shiga gabanta kamar babu komai a hanyar. Shi ya tsira da yanka a goshi da gocewar kafaɗa. Matarsa ce ta faɗi ƙarƙashin babur, ƙafarta ta dama ta karye wuri biyu. Aka kawo su asibiti a Kafanchan, ni ce mafi kusa, ni na fara isa. Yana zaune a kan benci da jini a riga, yana ta maimaita wa duk wanda ya zo cewa shi bai ga mota ba, kuma bai sha komai ba.

Saboda yankan yana kusa da ido, bayan kwana biyu aka tura shi sashen ido, na raka shi. Na ga an kai shi gaban na'urar hura iska, na ga an ba shi maɓallin nan. Na tsaya a baya ina kallon yatsansa, fitilu suna ta walƙawa a cikin ƙwaryar, yatsan bai motsa ba sai jefi-jefi. Likitan, wani saurayi mai magana a hankali, ya ce idon hagu saura kaɗan ya tafi gaba ɗaya, na dama kuma kamar mai leƙe ta cikin bututu yake gani da shi. Ya ce za a yi ƙoƙarin tsare abin da ya rage, amma babur da tuƙi sun ƙare. Ya ce da an zo shekaru kaɗan baya da labarin ya bambanta. Sannan ya tambaya ko an taɓa gaya wa wani a gidanmu yana da wannan ciwo. Yayana ya ce a'a, a gidanmu babu mai zuwa asibitin ido sai ƙanwarsa da ke tsaye nan, ita kuma nata na boko ne kawai. Likitan ya dube ni ya ce ni ma ya kamata a auna ni. Na ce to. Ko a nan ban faɗa ba.

Sai da aka sallame shi ya koma Kwoi, matarsa tana asibiti da ƙarfe a ƙafa, na ciro takardar daga akwati na hau mota. Na same shi da rana a gindin mangwaron ƙofar gida, Mama tana ciki. Na ce Yaya akwai abin da zan karanta maka. Na karanta daga farko har sa hannun likita, na fassara masa inda Turancin ya yi nauyi. Ya tambayi ranar da aka rubuta, na faɗa. Ya yi lissafi, ya ce ya haƙa citta sau huɗu tun daga lokacin. Ya tambaya ko ita ce tafiyar bitar nan, ranar da ya gan ni a tasha. Na ce ita ce. Ya tambaya ko takardar tana tare da ni a motar. Na ce tana cikin jakata. Bai ɗaga murya ba. Na fara kawo dalilaina, maganar biki da maganar Mama, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Abin da ya ce shi kaɗai zan kawo da bakinsa, don ban manta ko kalma ɗaya ba.

"Da kin faɗa mini, ƙila ma da ban je asibitin ba, kin san halina. Amma da ni ne na ƙi. Yanzu ke kika ƙi mini."

Ya tashi ya shiga gida yana lalube gefen ƙofa da hannu. Wata biyu bai ɗauki wayata ba.

Mama ta fi wuyar sha'ani. Da farko ta ce likitoci ba su san komai ba, wanda ya jefi uban shi ya jefi ɗan. A 'yan shekarun nan idon Baba ƙarami ma ya fara rufewa, ita kuma ta daɗe tana cewa alhaki ne ke bin sa. Yayana ne, duk da fushin da yake yi da ni, ya zaunar da ita ya ce in jifa ne, wa ya jefi mai jifan, kuma me ya sa duk su ukun daga gefe abin ya fara. Ya sa aka kira Fasto, aka sake karanta takardar a gabansa. Yayana da kansa ya zagaya katanga ya shiga gidan Baba ƙarami, karo na farko cikin shekara goma sha, ya ce a kai 'ya'yan gidan awo. Idon tsohon ya riga ya wuce gyara. Cikin 'ya'yansa biyar an samu ɗaya da ciwon, mace, an kama shi da wuri, tana kan magani. Mama ta ɗauki watanni kafin ta taka gidan. Ranar da ta je, an ce ta kai wa Baba ƙarami tuwon acca, ta gaishe shi, ta tambayi jiki, ta zauna kaɗan ta fito. Ba ta ba shi haƙuri da baki ba, shi ma bai nema ba. Ya rasu bara, ta yi zaman makoki tare da matansa da 'ya'yansa.

Mijina na faɗa masa a daren da na dawo daga karanta wa yayana takardar a Kwoi. Ya ce da na gaya masa tun kafin biki da babu abin da zai sauya. Ban san ko haka ne ba, shi ma ba na jin ya sani, amma na karɓa. Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne maganin da na daina, ya ce na yi wasa da idon uwar 'ya'yansa. Da aka sake auna ni, an ga ciwon ya ci wani yanki na saman idona na hagu a cikin shekarun da na yi ina ɓuya. Yanzu ina ɗiga magani safe da yamma, ina zuwa awo a kan lokaci, ina koyarwa kamar da, da gilashina. Maganar leza ban sake tayar da ita ba. Ba aikin nake zargi ba, ƙawata har yau lafiya take gani da nata, kuma ba don na je nemansa ba da ban san abin da ke cikin idona ba.

Yayana ya sayar da babur. Gonar yana zuwa, don ƙafarsa ta san hanya, kuma citta da hannu ake sanin ta, amma kai kaya kasuwa sai ya ba wani. An yi masa aiki a idon dama, ɗan abin da ya rage yana nan bai ƙaru ba bai ragu ba. Matarsa ta warke da ɗingishi. Ita ban taɓa jin ta ɗaga maganar ba, tana karɓata da fara'a, kuma wannan ya fi mini nauyi a kan a ce ta zage ni. Ran Lahadi tare suke tafiya coci, ita tana dafa kafaɗarsa saboda ƙafa, tana gaya masa abin da ke zuwa ta hagu. Ni da shi muna magana yanzu, yana tambayar yara, yana aiko mana da doya. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba, ni kuma ban ga ina da bakin tambaya ba.

Na daɗe ina duba abin da na yi, kuma ban samu wata mugunta a cikinsa ba, wannan ne ma abin tsoron. Ban ƙi yayana ba. Kunya ce, da son a gan ni yadda nake so, da cewa gobe. Ban taɓa yanke shawarar ɓoye takardar har abada ba, kullum ɗaga ranar nake yi, kuma ciwon bai ɗaga tasa ba. Duk mai tunanin yin aikin leza don ya rabu da tabarau, ya je wurin ƙwararru, ya bari a yi masa gwajin gaba ɗaya, kuma in aka ce masa a'a ya tsaya ya ji dalili, kada ya tafi neman inda za a ce masa e. Wanda kuma wani ya taɓa makancewa a gidansu, ko an ce tsufa ne, ko an ce hannu aka sa, ya je a auna masa ido ko da yana hango tsuntsu a kan dutse, don wannan ciwon ba ya sallama. Idan kuwa likita ya ba ka saƙo zuwa ga 'yan uwanka, ka sani ba naka ba ne da za ka zaɓi lokacin da ya yi maka daɗi. Ɗan aike ne kai. Ka kai shi a ranar, ko da za a ji haushinka.